Yadda Ake Gano Kuskuren Kiran Fankshin a Injin Ƙa'idojin Kasuwanci na Drools

Duk wanda ya saba sayayya ko tura kuɗi ta waya ya san wannan yanayin: mutum ya zaɓi kaya, ya danna maɓallin biya, sai manhaja ta tsaya tana ta juyi, can kuma ta ce a sake gwadawa. Yawancin mutane netwok suke ɗora wa laifi, kuma sau da dama hakan ne. Amma wani lokacin netwok lafiyarsa ƙalau, matsalar tana can cikin sabar kamfanin, a daidai wurin da ake yanke hukuncin nawa za a caji mai saye, ko ya cancanci ragi, ko kuɗin da yake son turawa sun wuce iyakar da aka sa masa a rana.

A manyan manhajoji da yawa, wani ɓangare na musamman ne ke yanke irin wannan hukunci, ana kiransa injin ƙa'idojin kasuwanci. Idan ƙa'ida ɗaya a cikinsa ta kira fankshin kiran bai tafi daidai ba, ciniki na iya tsayawa cak. Mafi muni kuma, ciniki na iya wucewa da lissafin da ba daidai ba, babu wanda zai lura sai ranar da aka zo haɗa asusu. Wannan bayani zai duba yadda irin wannan kuskure ke faruwa da yadda ake bin sawunsa, tare da misali daga Drools, ɗaya daga cikin sanannun injinan ƙa'idoji na kyauta.

Mene ne injin ƙa'idoji?

Kowace sana'a tana da dokokinta. Mai shago zai ce wanda ya sayi kaya sama da naira dubu 20 a kai masa gida kyauta. Banki zai ce sabon asusu ba zai tura fiye da kaza a rana ba. Kamfanin inshora zai ce mai shekaru kaza zai biya kaza. Waɗannan dokoki suna yawan canzawa, kuma idan aka cusa su a tsakiyar kod ɗin manhaja, duk ƙaramin canji sai an buɗe manhajar gaba ɗaya. Shi ya sa ake ware su a wuri guda, a rubuta kowace da siffar "idan kaza ya faru, a yi kaza", sannan a bar wa inji aikin duba wacce ta dace da wane ciniki.

Bob McWhirter ne ya fara Drools a shekarar 2001, kuma da yaren Java aka gina shi. Daga baya ya koma ƙarƙashin JBoss, wanda kamfanin Red Hat ya saya a 2006, yanzu kuma yana cikin aikin Apache KIE. A farko ya dogara ne da dabarar Rete, wadda Charles Forgy ya wallafa a 1982, kafin siga ta 6 ta zo da wata dabarar mai suna Phreak. Abin da ya kamata mai koyo ya riƙe shi ne, injin ba ya bin ƙa'idoji daga sama zuwa ƙasa yadda ake karanta littafi. Shi ne ke zaɓar lokacin da zai gwada kowane sharaɗi, kuma yana ajiye sakamakon gwajin don kada ya riƙa maimaita aiki. Wannan hali nasa ne tushen kurakurai da dama da za a gani a ƙasa.

Inda fankshin ke shigowa

Ana rubuta ƙa'idojin Drools da wani yare mai suna DRL. Kowace ƙa'ida tana da ɓangare biyu: `when`, inda ake sa sharaɗi, da `then`, inda ake sa abin da za a aikata. Fankshin kuwa wani guntun kod ne mai suna, ana miƙa masa bayani, ya yi aiki a kai, ya dawo da amsa. Kamar yaron shago ne da ake aika da kuɗi ya dawo da canji. Ga misalin shagon intanet da ke saka harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, wanda Najeriya ta fara aiki da shi a watan Fabrairun 2020:

```
package shago.kaidoji;

import shago.Oda;
import java.math.BigDecimal;

function BigDecimal lissafaHaraji(BigDecimal kudi) {
    return kudi.multiply(new BigDecimal("0.075"));
}

rule "Saka haraji"
when
    $o : Oda( haraji == null )
then
    modify( $o ) {
        setHaraji( lissafaHaraji( $o.getJimilla() ) )
    }
end
```

Ma'anarsa a saukake: duk odar da ba a sa mata haraji ba, a ɗauki jimillarta a miƙa wa `lissafaHaraji`, abin da ya dawo da shi a rubuta a gurbin haraji. Kafin wannan kira ya yi nasara sai abu huɗu sun cika. Injin ya san sunan fankshin ɗin, abin da aka miƙa ya dace da abin da yake jira, fankshin ɗin ya gama aikinsa bai faɗi a hanya ba, sannan amsar da ya dawo da ita ta dace da wurin da za a ajiye ta. Kusan duk kuskuren kira yana komawa ne ga ɗaya daga cikin waɗannan huɗun.

Tambayar farko: yaushe abin ya lalace?

Kafin a taɓa ko da layi ɗaya, a fara gano lokacin da kuskuren ya bayyana, domin lokaci uku ne, kuma kowane da maganinsa. Na farko shi ne lokacin harhaɗawa, wato sa'ad da Drools ke karanta fayil ɗin DRL yana mayar da shi abin da kwamfuta za ta iya gudanarwa. Na biyu lokacin aiki, bayan an shigar da bayanai an kira `fireAllRules`. Na uku shi ne wanda ba ya nuna saƙo ko kaɗan, komai ya wuce amma sakamakon ba daidai ba.

Masu koyo da yawa suna ɓata sa'o'i suna neman dalilin da ya sa ƙa'idarsu ba ta aiki, alhali tun farko ba ta ma harhaɗu ba. Drools yana tara saƙonnin kuskuren harhaɗawa a wuri guda, kuma yana da kyau a nemi ganinsu kai tsaye:

```
Results sakamako = kieBuilder.buildAll().getResults();
if (sakamako.hasMessages(Message.Level.ERROR)) {
    sakamako.getMessages().forEach(System.out::println);
}
```

Idan saƙonni goma suka fito, a fara da na farko. Baka guda da aka manta ba a rufe ba tana iya haifar da sauran taran, da zarar an gyara ta duk su ɓace.

Kurakuran lokacin harhaɗawa

*Kuskuren rubutu.* Waɗannan suna zuwa da lamba. ERR 101, mai ɗauke da "no viable alternative", yana nufin injin ya iso wani wuri bai gane abin da ake nufi ba. ERR 102, "mismatched input", yana nufin yana jiran wata alama sai ya ci karo da wata daban, galibi saboda baka ko alamar zance da ba a rufe ba. ERR 104 kuwa na masu sa alamar `;` a cikin `eval` ne. Rubuta `eval( yaCancanta($o); )` kuskure ne, daidai shi ne `eval( yaCancanta($o) )`.

Masu koyon kod ta waya suna da tasu matsalar ta daban. Allon rubutu na wasu wayoyi, haka ma Microsoft Word, suna canza alamar zance miƙaƙƙiya zuwa lanƙwasasshiya don rubutu ya yi kyau. A ido kamar ɗaya suke, amma a wurin injin ba su da alaƙa. Duk kod ɗin da aka kwafo daga hira ko daga takardar Word, a sake buga alamomin zancensa da hannu. Akwai kuma sunaye masu ɗauri irin su Sa'adatu ko Ma'aruf. Idan ana ƙera ƙa'ida ta hanyar cusa suna a tsakanin alamomin zance masu ƙwaya ɗaya, ɗaurin da ke cikin sunan zai rufe zancen tun kafin sunan ya ƙare, sauran haruffan su zama shirme a wurin injin.

*Ba a san sunan ba.* Idan kiran yana ɓangaren `then`, saƙon yakan fara da "Rule Compilation error", sannan ya ce "The method ... is undefined for the type". Idan a ɓangaren `when` ne, sau da yawa za a ga "Unable to Analyse Expression" tare da "unable to resolve method using strict-mode". Duka biyun abu ɗaya suke faɗa: an kira suna, babu wanda ya amsa.

Abin dubawa na farko shi ne haruffa. Java yana bambanta babban baƙi da ƙarami, don haka `lissafaHaraji` da `lissafaharaji` sunaye biyu ne. Haka `lissafaKuɗi` da `lissafaKudi`. Java yana karɓar haruffa masu ƙugiya a cikin suna, amma idan mutum ɗaya ya rubuta da ɗ wani ya kira da d, ba za su taɓa haɗuwa ba. Ƙari a kan haka, kafin Java 18 ba UTF-8 ne tsarin haruffan da ake ɗauka kai tsaye a kowace kwamfuta ba, shi ya sa fayil zai iya harhaɗuwa a kwamfutar wani ya ƙi a ta wani. Hanya mafi sauƙi ita ce a bar sunayen fankshin da haruffa marasa ƙugiya, a ajiye cikakkiyar Hausa don saƙonnin da mai amfani zai karanta.

Abu na biyu shi ne shigo da fankshin. Idan an rubuta shi a cikin kilas ɗin Java ne, ba a cikin DRL ba, dole a gabatar da shi a saman fayil da `import function shago.Lissafi.lissafaHaraji`, sababbin sigogi kuma suna karɓar `import static`. Dole kuma ya kasance `public` kuma `static`. In babu `static`, sai an sami wani abu na wannan kilas ɗin kafin a iya kiransa.

Abu na uku ya shafi ɓangaren `when`. Idan aka rubuta `Oda( jimilla > 20000 )`, a ɓoye Drools yana kiran `getJimilla()` ne. Idan kilas ɗin `Oda` ba shi da wannan, ko an rubuta `jimila` da l ɗaya, saƙon zai yi maganar fankshin da ba a samu ba duk da cewa mai rubutun bai ga inda ya kira wani fankshin ba. Saƙon yakan nuna kilas ɗin da aka duba da sunan da aka nema, don haka a karanta shi har ƙarshe.

*Abin da aka miƙa bai dace ba.* A nan saƙon shi ne "is not applicable for the arguments". An samu fankshin ɗin, amma an ba shi abin da ba ya ci. `lissafaHaraji` yana jiran `BigDecimal`, idan aka miƙa masa `5000` haka kawai, Java zai ɗauke ta a matsayin `int` ya ƙi karɓa. Daidai shi ne `new BigDecimal("5000")`. Haka idan adadin kuɗi ya zo daga fom ɗin manhaja a matsayin rubutu, to "5000" ɗin nan haruffa ne har sai an juya su zuwa lamba. A kuma ƙirga yawan abubuwan da aka miƙa da jerinsu. Saƙon yana jera abin da ake jira da abin da aka kawo, a ɗora su gefe da gefe a kwatanta.

*Fankshin yana taɓa abin da ba ya gani.* Wannan yana rikita har waɗanda suka daɗe a harkar. Fankshin da aka rubuta a DRL, Drools yana mayar da shi kilas mai zaman kansa. Saboda haka ba ya ganin `$o` na ƙa'ida, ba ya ganin abubuwan da aka ayyana da `global`, kuma ba zai iya kiran `insert` ko `update` kai tsaye ba. Saƙon zai ce "cannot be resolved". Maganin shi ne duk abin da fankshin yake buƙata a miƙa masa shi ta cikin baka. Mafi kyau ma, a bar fankshin ya yi lissafi kawai ya dawo da amsa, ƙa'ida ita ta yi shigarwa da gyara.

A lura da lambar layi. A irin waɗannan kurakurai lambar da ke cikin saƙo sau da yawa tana nuni ne ga fayil ɗin Java da Drools ya ƙera daga ƙa'idar, ba fayil ɗin DRL na asali ba. Sunan ƙa'idar da ke cikin saƙon ya fi lambar layin amfani.

Kurakuran lokacin aiki

A nan komai ya harhaɗu lafiya, sai da bayanan gaske suka shigo abin ya fashe. Idan a ɓangaren `then` ne, Drools yana naɗe kuskuren cikin `ConsequenceException`, da saƙo mai farawa da "Exception executing consequence for rule", sannan sunan ƙa'idar. Wannan layin yana faɗin wurin da abin ya faru ne kawai. Ainihin dalilin yana ƙasa, a layin da ya fara da "Caused by". Idan akwai irinsa da yawa, na ƙarshe ne ya fi kusa da tushen matsalar.

Wanda ya fi kowane yawa shi ne `NullPointerException`, wato an miƙa wa fankshin gurbin da babu komai a ciki. A misalin shagon nan, idan oda ta iso ba tare da jimilla ba, `kudi.multiply` zai faɗi nan take. Gyaran da ya fi dacewa shi ne a tsare ƙofa tun daga sharaɗi: `Oda( haraji == null, jimilla != null )`. Idan kuma bayanin yana cikin wani bayanin ne, kamar garin da ke cikin adireshi, DRL yana da alamar `!.` don haka. Rubuta `Oda( $gari : adireshi!.gari )` yana sa injin ya tsallake odar da ba ta da adireshi maimakon ya faɗi.

Sai dai akwai abin lura. Tsallakewa tana kawar da kuskure, amma ba ta kawo jimillar da ta ɓace. Odar da aka tsallake za ta wuce babu haraji. Don haka duk lokacin da aka sa irin wannan kariya, a rubuta wata ƙa'idar da za ta kama waɗanda aka tsallake, ta dakatar da su ko ta sanar da ma'aikaci.

Na biyu shi ne rabawa. Idan shago yana ba da damar biya kashi-kashi, aka raba naira dubu 10 gida uku da `BigDecimal` ba tare da an faɗi inda za a yanke ba, Java zai jefo `ArithmeticException` mai cewa "Non-terminating decimal expansion", domin amsar 3333.333 ce har abada. Gwaji da gida biyu ko huɗu ba zai taɓa nuna wannan ba, sai ranar da wani ya zaɓi wata uku. Daidai shi ne `kudi.divide(gida, 2, RoundingMode.HALF_UP)`, sannan a yanke shawarar wane kashi ne zai ɗauki ragowar kobo.

Na uku shi ne `global`. Ana amfani da shi don miƙa wa ƙa'idoji wani sabis, kamar mai aika saƙon tes. Ayyana shi a DRL ba ya nufin an cika shi. Dole kod ɗin Java ya kira `setGlobal` kafin a tayar da ƙa'idoji, in ba haka ba kiran farko zai ci karo da babu. Idan kuma sunan da aka ba `setGlobal` bai yi daidai da na DRL ba, saƙon zai zama "Unexpected global".

Na huɗu shi ne `NoSuchMethodError` ko `NoClassDefFoundError`. Alamarsa ita ce komai na aiki a kwamfutar mai haɗa manhaja, amma a sabar ya ƙi. An harhaɗa ƙa'idar da sabuwar sigar kilas, sabar kuma tana riƙe da tsohuwa wadda ba ta da fankshin ɗin. Umarnin `mvn dependency:tree` yana nuna sigar kowane kunshi da aikin ya ɗauko. Bambancin siga ba abin rainawa ba ne. A ranar 1 ga Agustan 2012, kamfanin hada-hadar hannun jari na Knight Capital a Amurka ya yi asarar sama da dala miliyan 400 cikin kusan minti 45, bayan an sa sabon kod a sabar bakwai aka bar ta takwas da tsohon. Nasu ba injin ƙa'idoji ba ne, amma ciwon iri ɗaya ne: umarni sabo ya faɗa hannun tsohon kod.

Kurakuran da ba sa magana

Waɗannan su ne masu cin kuɗi, domin babu jan rubutu da zai ja hankalin kowa.

Na farko, alamar `==` tana da ma'ana biyu a fayil ɗaya. A ɓangaren `when`, Drools yana ɗaukar ta a matsayin kwatanta abin da ke ciki, don haka `Oda( gari == "Kano" )` yana aiki daidai. Amma a cikin fankshin, ko a `then` da ke bin salon Java, `==` tana tambaya ne ko abu biyun ainihin abu guda ne a ƙwaƙwalwar kwamfuta. Fankshin da aka rubuta wa `gari == "Kano"` zai iya dawo da "a'a" ga mutumin da ke zaune a Kano. A nan `"Kano".equals(gari)` ake rubutawa. Ga `BigDecimal` kuwa ko `equals` ɗin ma tana da tarko, domin a wurinta 2.0 da 2.00 ba ɗaya ba ne. `compareTo` ake amfani da ita.

Na biyu, lissafin kuɗi da `double`. A Java, 0.1 a tara da 0.2 yana ba da 0.30000000000000004. A ciniki ɗaya ba komai ba ne, amma sharaɗin da ke neman daidaito zai ƙi cika, kuma a dubban ciniki asusu zai daina haɗuwa. Kuɗi da `BigDecimal` ake lissafa su, a kuma gina shi daga rubutu irin "0.075".

Na uku, fankshin ya canza bayani injin bai sani ba. Idan fankshin ya gyara jimillar oda a ɓoye, ba a bi ta `modify` ko `update` ba, injin zai ci gaba da aiki da sakamakon gwajin da ya riga ya ajiye. Ƙa'idar kai kaya kyauta za ta yanke hukunci da tsohuwar jimilla.

Na huɗu, fankshin mai aiki a cikin sharaɗi. Tunda injin ne ke zaɓar yaushe da kuma sau nawa zai gwada sharaɗi, fankshin da ke cikin `when` zai iya gudana sau ɗaya, ko sau da yawa, ko ma ya gudana ga ƙa'idar da a ƙarshe ba za ta tashi ba. Idan a cikinsa ake aika saƙo ko cire kuɗi, mai saye zai iya ganin an cire masa sau biyu. Fankshin na cikin sharaɗi tambaya kawai zai amsa, kuma amsarsa kada ta dogara da abin da ke canzawa da kansa kamar agogo. Idan ana buƙatar lokaci, a shigar da shi a matsayin bayani.

Na biyar, zagaye mara ƙarewa. Ƙa'idar da ta gyara bayani amma sharaɗinta bai daina cika ba za ta iya sake tashi, ta sake gyarawa, har sabar ta cika. A misalin farko, `haraji == null` ne ya hana haka, domin da zarar an sa haraji sharaɗin ya faɗi. Akwai `no-loop`, amma yana hana ƙa'ida tayar da kanta ne kawai, ba ya raba ƙa'idoji biyu masu tayar da juna. A lokacin gwaji, `fireAllRules(100)` yana sa iyaka ga yawan ƙa'idojin da za su tashi, kuma lambar da ya dawo da ita tana nuna ko an kai iyakar.

Tsarin bincike mataki-mataki

1. A karanta saƙon gaba ɗaya, a fitar da abu uku: sunan ƙa'ida, sunan fankshin, da layin "Caused by" na ƙarshe.
2. A tantance ko lokacin harhaɗawa ne, ko lokacin aiki, ko sakamako ne kawai ya karkace.
3. A gwada fankshin ɗin shi kaɗai da JUnit, ba tare da injin ba. A ba shi lamba ta yau da kullum, sifili, lamba ƙasa da sifili, babu komai, da suna mai ɗauri. Idan ya faɗi a nan, Drools ba shi da laifi. Wannan ma dalili ne na ajiye manyan fankshin a kilas ɗin Java maimakon cikin DRL.
4. A rage matsalar. A ɗauki ƙa'ida ɗaya da oda ɗaya da ta jawo kuskuren, a gudanar da su su kaɗai, sannan a riƙa dawo da sauran ɗaya bayan ɗaya har abin ya sake lalacewa.
5. A sa ido a kan injin. `DebugAgendaEventListener` yana nuna wace ƙa'ida ta tashi da jerin tashinsu, `DebugRuleRuntimeEventListener` kuma yana nuna bayanan da aka shigar, aka gyara ko aka cire.
6. A tambayi abin da ya canza tun ranar ƙarshe da komai ke aiki: sabuwar ƙa'ida, sabuwar sigar Drools ko Java, ko sabon nau'in bayani daga manhajar waya.
7. A canza abu ɗaya a lokaci guda. Wanda ya gyara wuri biyar tare, ko abin ya yi aiki ba zai san wanne ne maganin ba.
8. Bayan gyara, a mayar da odar da ta jawo matsalar ta zama gwaji na dindindin, don kada kuskuren ya dawo ta bayan gida.

Akwai jarabar da ke kama mutum idan dare ya yi, shugaba kuma yana ta kira: a naɗe kiran cikin `try` da `catch` a bar `catch` ɗin babu komai. Saƙon kuskure zai ɓace, amma oda za ta wuce babu haraji ko babu binciken iyaka, kuskure mai ihu ya koma mai shiru. A harkar kuɗi gara ciniki ya tsaya a san dalili. Haka kuma wajen rubuta abin da ke faruwa a log, a sa lambar oda da sunan ƙa'ida, amma kada a zuba lambar kati, BVN ko kalmar sirrin mutane a ciki.

Ga mai amfani da waya da ya ci karo da irin wannan matsala, abin da zai taimaka wa masu gyara shi ne ya ɗauki hoton saƙon, ya riƙe lokaci da lambar cinikin, kuma ya duba ko an cire kuɗi kafin ya sake dannawa. Ga mai son koyon aikin kuwa, Drools kyauta ne, abin da ake buƙata shi ne kwamfuta mai Java da Maven. Ya rubuta ƙa'idar harajin da ke sama, ya tabbatar tana aiki, sannan ya riƙa lalata ta da gangan: ya canza harafi ɗaya a sunan fankshin, ya miƙa `5000` a maimakon `BigDecimal`, ya shigar da oda mara jimilla. Kowane gwaji zai fitar da ɗaya daga cikin saƙonnin da aka ambata, kuma ranar da ya gamu da shi a wurin aiki zai gane shi tun daga layin farko.